Ba a Saye Ki Ba, Mak Ngah Sepiah

Ranar Laraba, tara ga watan Zulƙida, da hantsi, Allah Ya karɓi baiwarSa Mak Ngah Sepiah binti Awang. Ta cika a gidan 'yarta Marziah da ke Jitra, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar ƙoda ta wata biyar. Kafin azahar aka iso da ita ƙauyenmu na Permatang Limau, bayan la'asar aka kwantar da ita kusa da mijinta. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ita dai ta riga mu isa.

Ni ba wanda ya kira ni a waya, kuma ban ga laifin kowa ba. Ina shanya a bayan gida na ji ladan yana sanarwa ta lasifikar masallaci, ya maimaita sunan sau biyu. Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu har ruwanta ya gama ɗiga a ƙafata.

Mak Ngah, reshen jam'iyyarmu ne ya ce in rubuta miki ta'aziyya, saboda ni ce sakatariya, kuma duk gari an san a hannunki na koyi aikin. Sun ce in ambaci shekarun da kika yi kina hidima. Zan ambata, don gaskiya ce, amma ba zan iya tsayawa a nan ba. Shekara biyu da suka wuce na yi miki ƙazafi a gaban mutane, na raba ki da yarinyar da kika goya, kuma kika bar duniya ban zo na durƙusa a gabanki ba. A bainar jama'a na ɓata miki suna, don haka a bainar jama'a zan wanke shi, ko da kin yi nisan da ba za ki ji ni ba.

Shekara goma sha shida ke nan da aka kawo ni garin nan amarya daga Perlis. Tsakanin gidanki da namu taku talatin ne, sai 'yar magudanar ruwan gona da katako guda a kanta. Babba da yaro Mak Ngah suke ce miki, don ke ce ta biyu a wurin mahaifanku, ni ma na bi sahu. Kwana uku da tarewata kika tsallako katakon nan, kwanon miyar kifi a hannu ɗaya, takarda a ɗayan. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Miji kam kin samu, Lia, ba laifi, ko da yake kunnuwansa sun cika faɗi. Kin yi rajistar zaɓe?" Na ce ban yi ba. Kika ce, "To ci kifin, ki wanke hannu, kada ki ɓata mini takarda da mai."

A lokacin gidajen da ke goyon bayan jam'iyyar gyara a ƙauyen nan ba su kai ashirin ba, kuma kallon marasa godiya ake yi musu. Abin da kuke nema bai wuce a san inda tallafin manoma yake tafiya ba, a daina raba taimako bisa tutar da ke ƙofar gidan mutum, a ƙirga ƙuri'a a gaban kowa. Ke ba mai hawa dandamali ba ce, ban taɓa ganin ki riƙe da lasifika ba. Aikinki bin gida-gida ne. Kin koya mini kada in hau matakalar gidan mutane da takarda a hannu. A fara da sallama, a tambayi gwiwar tsohuwa, a yaba barkonon da aka shuka a tsakar gida, a sha ruwan da aka kawo ko da a gidan 'yan hamayya ne. In aka kore mu kikan ce, "Madalla, yau sun san fuskarmu."

Mu ne saran gora a bakin kogi don sandunan tuta, mu ne ɗinkin tutocin da iska ta yaga, mu ne ɗauko tsofaffi ranar jefa ƙuri'a. Zaɓe huɗu a jere, biyu kafin zuwana, biyu a idona, ke ce wakiliyarmu a aji ɗaya na makarantar firamare, da fensir da 'yar rula, kina ja wa kowane suna layi in mai shi ya jefa. Ranar ko shayi ba kya sha tun asuba, don kada fitsari ya tashe ki daga kujera akwati ya fita daga idonki. Sau huɗu aka kayar da mu, sau huɗu kika fito da takardar sakamako mai sa hannu manne a ƙirjinki, kina tambayar wa zai taya ki kwance tutoci gobe.

Da na haifi Irdina, mahaifiyata tana nesa kuma ba ta da lafiya, mijina Azhar kuwa direban babbar mota ne, in ya yi kudu sai ya share kwanaki. Ke kika yi mini jego kwana arba'in da huɗu cif, da gasa ciki da dutse mai zafi, da hana ni ruwan sanyi, da faɗa in na taka ƙasa ba safa. Daga nan Dina ta zama taki. Tok take ce miki, yadda ake ce wa kaka, kuma da ta fara tafiya, hanyar da ta fara sani ita ce ta gidanki.

Ni uwa ce mai gajen haƙuri, ba sai wani ya gaya mini ba. Tana shekara uku, in zan tafi taron reshe takan maƙale mini a zane tana ihu. Sai na koyi dabara, in kunna mata talabijin a gidanki in sulale ta matakalar baya. Kwana biyu kika ƙyale ni. Rana ta uku na tarar da ke zaune a kan matakalar kin tare hanya.

"Ina za ki, ɓarauniya?"

Na ce taro.

"Taron da za ki je ki yi ta ihu an yaudari talakawa? Ga talaka ɗaya can a ɗaki kin yaudara. Koma ki gaya mata za ki fita, ki gaya mata yaushe za ki dawo, ki miƙa hannu ta sumbata. Kukan kuwa ki bar mini."

Na koma, ta yi kukan da har maƙwabta suka leƙo. Bayan mako guda ita ke ɗauko mini takalmi. Kuma in na ce mata kafin magariba zan dawo, dole in dawo kafin magariba, ko da ɗan takara ne ke tsakiyar jawabi, don na san kina bakin taga da agogo.

Wata rana na dawo daga raba takardu cikin rana, an zage mu a gida uku, na tarar Dina ta kifar da kofin ruwa a tabarma tana cin abinci. Na buɗe mata wuta. Kika ce, "Bar ta ta gama cin shinkafarta. Laifin ba gudu zai yi ba, yana nan yana jiran ki." Kafin ta suɗe hannu na huce, na gane ba ita ce ta ɓata mini rai ba. Tun daga ranar ba a faɗa a kan tabarmar cin abinci a gidana. Da ta shekara shida kuma ta dage sai ta taya mu ninke takardun yaƙin neman zaɓe. Ninkinta duk a karkace, ni kuma ina bi ina warwarewa ina gyarawa. Kika buge mini hannu da fensir kika ce, "Mai karantawa ba ruwansa da gefe. Ita kuwa hannunki take kallo." Haka muka raba takardu ɗari biyu karkatattu, ba wanda ya dawo mana da ko ɗaya. Ba ki taɓa zaunar da ni kin ce ga yadda ake tarbiyya ba, a tsaye kike koyarwa, hannunki na wani aikin.

Sau ɗaya tak kika ba ni labarin bikin Roslan, babban ɗanki, wanda aka yi tun kafin in zo garin. Muna zaune a ƙarƙashin gidanki muna kankare kwakwa. Duk wanda ya san garin nan ya san biki ba na mai gida ba ne shi kaɗai. Ana saura kwana uku mata sun taru da wuƙaƙensu, maza sun kafa rumfuna, ba sai an aika wa kowa ba. A shekarar mijinki ya kafa tutar jam'iyyar gyara a ƙofar gida, sai magana ta fito daga gidan mai gari, Haji Shuib, cewa kada wanda ya taka bikinku, gayya ko ci. Kun yanka saniya, kun dafa abincin mutum ɗari shida, ke da ƙannenki biyu kuka yi ta yankan albasa har tafin hannunku ya yi bororo. Waɗanda suka zo ba su cika tamanin ba. Da yamma shinkafa ta fara tsami, aka zuba wa agwagi har suka ƙoshi suka juya baya. Kika ce mini, "Ba shinkafar ce ta sa ni kuka ba, Lia. Roslan ne a kan kujerar ango, yana ta leƙen hanya." Na riƙe labarin nan shekara da shekaru, ashe ban fahimci komai a cikinsa ba. Ni fushi kawai na ɗauka.

Zaɓen da ya wuce ya zo mana da ƙarfin da ba mu taɓa samu ba. Rabin gari ya dawo wajenmu, samari masu ilimi suka dawo daga birni da wayoyinsu da tsare-tsarensu, ni kuma aka zaɓe ni sakatariyar reshe. Kaina ya kumbura, ba na musu. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda samarin nan ke kira na jelar Mak Ngah. In na kawo shawara sai su yi murmushi su ce, "Kak Lia, je ki tambayo tsohuwa tukuna."

Ana saura kwana goma sha biyu a jefa ƙuri'a, bikin autar Haji Shuib ya kama. Ba da gangan suka sa shi a nan ba, shekara guda da tsayar da ranar. Wani a cikinmu ya ce lokacin ramuwa ya yi, kada ɗan jam'iyyarmu ko ɗaya ya je, su ma su ɗanɗana. Ni na rubuta saƙon da hannuna na tura wa kowa ta waya, har ina jin ke nake rama wa. Mata da yawa suka noƙe a gida. Matar mai gari, Hajah Zaiton, ta rasa hannaye, kuma ta san duk gundumar nan ba mai iya dafa gulai na naman shanu da bargon kututturen ayaba na mutum dubu bai yi ɗaci ko ya kwaɓe ba, sai ke. Ta ajiye girman kai ta hawo matakalarki.

Washegari da safe na hango ki a hanyar bakin gona, doguwar muciya a kafaɗa. Na sha gabanki da babur.

"Mak Ngah, ina zuwa da muciya?"

"Gidan biki. Ko kin ga wani gida na hayaƙi ban da shi?"

"Kin manta abin da suka yi miki?"

"Don ban manta ba ne zan je. Yarinyar takara ta tsaya? Ba zan bari wata amarya ta zauna tana leƙen hanya ba. Je ki ɗauko wuƙarki, albasa buhu huɗu ce."

Na ta da babur na bar ki a tsaye.

Ranar biki wani ya ɗauki hotonki kina juya tukunya a ƙarƙashin rumfar da aka kewaye da tutocinsu, ɗan takararsu na tsaye a gefenki yana washe baki. Kafin la'asar hoton ya zaga kowace waya. Washegari muka yi taro a ofishin reshe, saman shagon gyaran babura, mutum arba'in da wani abu. Kina zaune kusa da taga, mayafinki bai daina warin hayaƙi ba. Samari na ta surutu, wasu na cewa a yi miki uzuri, tsufa ne. Sai na miƙe. Na ce, "Ku daina wahalar da kanku. Ku je ku dubi sabon kwanon da ke saman gidanta, ku tambayi kanku wa ya saya. An saye ta."

Mak Ngah, na san wanda ya sayi kwanon nan. Roslan ne, da guminsa, bayan iskar damina ta yaye tsohon rufin. A gaban idona aka sauke shi daga mota. Ba ruɗewa na yi ba, ba kuma ji na yi daga wani ba. So nake samarin nan su ga ni ba jelar kowa ba ce, kuma ke ce abin da ya fi kusa da hannuna.

Ɗakin ya yi tsit. Kika dube ni, babu fushi a fuskarki, kika ce a hankali, "Lia, ai ke kika dafa wa masu rufin shayi." Na yi kamar ban ji ba, na ce a ɗaga hannu. Aka cire ki daga wakilcin rumfar zaɓe. Kika zare katin daga wuyanki kika ajiye a tebur, kika gangara matakala ɗaya-ɗaya saboda gwiwa, kina dafa bango. Ba wanda ya tashi ya riƙe ki, kuma ni ce na fi kowa kusa da ƙofa.

Da na koma gida, abin da ya fi ba ni tsoro Dina ce. Shekararta goma sha biyu, tana da kunne, kuma ita ma tana nan ranar da aka sauke kwanon. Na san in ta ci gaba da wuni a gidanki, wata rana za ta dube ni da tambayar da ba ni da amsarta. Sai na ce mata daga yau kada ƙafarta ta sake taka katakon nan, Tok ta koma wajen abokan gaba. Ta ce, "Mak, Tok ɗin?" Na daka mata tsawa.

Ranar zaɓe kin zo da ƙafa, kin tsoma yatsa a tawada, kin jefa. Da za ki wuce rumfarmu da ke bakin ƙofar makaranta kika tsaya kika ce, "Ku gaya wa ta ciki kada ta fito sai an sa hannu a takarda." Na sunkuyar da kai a kan jerin sunaye har kika wuce. Muka ci zaɓen, karo na farko a mazaɓarmu. Da faɗuwa muka yi, wataƙila da a makon nan na zo na faɗi a ƙafarki. Amma nasara ta ce mini daidai na yi, ni kuma na yarda da ita. Daga baya na ji cewa a akwatin unguwar mai gari mun sami ƙuri'un da ba mu taɓa samu ba, mata na cewa saboda ke ne. Na ce surutun mata ne kawai.

Ƙaramar Sallah biyu ta wuce a haka. Tun da na zo garin nan, safiyar Sallah daga masallaci gidanki nake fara shiga. In durƙusa, in kama hannunki in kai goshina, in roƙi gafarar abin da na yi na fili da na ɓoye, in ce ki halatta mini abin da na ci da abin da na sha a gidanki. Kikan ce, "Na halatta, har da ƙwan agwagwar da kike tsammanin ban gani ba." Sallar nan biyu kuwa tun jajibere na tattara iyali muka tafi Perlis. Azhar yakan ce, "Lia, taku talatin ne fa. Ko ɗaukar ki zan yi in tsallakar?" In ce ya ƙyale ni, zan je in abubuwa sun lafa. Abubuwa sun daɗe da lafawa, ni ce ban lafa ba. Kunya ce nake ji ina ce mata tsayawa a kan aƙida, kuma kullum ta kwana sai ta ƙara nauyi.

Sau uku Dina ta nemi izinina ta zo wurinki. Na farko bayan zaɓe da 'yan kwanaki, na ce a'a. Na biyu ana gobe Sallah, na ce mota na jiran mu. Na uku bayan Sallar bana da mako guda, da ta ji Marziah za ta zo ta ɗauke ki zuwa Jitra saboda jiki ya yi nauyi. Na ce ta bari ta gama jarrabawa mu je tare. Duk ukun ta ce to, ta shige ɗaki. Har alfahari nake yi wa mata a reshe cewa 'yata ba ta ƙetare maganata, tarbiyya ce.

Ranar jana'iza na tsallaka katakon, karo na farko cikin shekara biyu. Gidan ya cika har hanya, namu da nasu a cakuɗe. Hajah Zaiton na cikin matan da suka yi miki wanka. Kafin a ɗaga makara Roslan ya tsaya a tsakar gida, muryarsa na rawa, ya roƙi jama'a a madadinki: duk wanda kika saɓa wa ya yafe, duk wanda kika ci nasa ko kika sha ya halatta. Mutane suka amsa da murya ɗaya. Ni bakina ya ƙi buɗewa. Me zan yafe miki? Ni ce mai roƙo, kuma wadda za ta amsa mini tana cikin likkafani.

Da muka dawo daga maƙabarta, Dina ta ja ta tsaya a bakin magudanar. Tun safe ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mak, na je fa."

Na ce, "Ina?"

"Wurin Tok. Kwana uku bayan kin hana ni, daga makaranta na zagaya ta bayan gona. Ina hawa matakala ta tare ni a ƙofa. Ta ce, uwarki ta san kin zo? Na ce a'a. Ta ce to juya. Na ce ai ƙarya Mak ta yi miki, ina nan ranar da aka kawo kwanon. Ta ce in rufe mata baki, ba a gidanta za a zagi uwata ba. Ta ce je ki nemi izini, in ta ba ki, ƙofa a buɗe take. In ta hana ki, ki yi haƙuri ki sake tambaya. Uwarki zuciya ce da ita amma ba muguwa ba ce, za ta bari. Ko ruwa ba ta ba ni ba, Mak. Da na sauka na waiga, tana riƙe da ƙyaure tana kuka."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Sau uku na tambaye ki."

Ashe biyayyar da nake taƙama da ita ba tawa ba ce, ke kika aiko mini da ita. Na zubar miki da mutunci, ke kuma kika tsare mini nawa a idon 'yata, kika biya da abin da kika fi so a duniya. Kusan shekara biyu kina hango ta ta taga tana wucewa makaranta, kina jiran kalma ɗaya daga bakina.

Ranar sadakar bakwai na ɗauki wuƙata na tafi gayya tun da safe. Mata na zaune a ƙarƙashin gidanki, ina isowa hira ta tsaya. Hajah Zaiton ta gusa ta ba ni wuri, ba ta ce komai ba. Ban zauna ba. Na ce ina da magana, na faɗi abin da na rubuta a nan, ban rage komai ba. Marziah na tsince shinkafa, ba ta ɗago ba sai da na gama. Ta ce, "Mun ji, Lia. Mu dama mun san wa ya sayi kwano. Har ta cika, in an buɗe ƙofa sai ta tambaya ko ku ne. Ni yanzu ba abin da zan iya ce miki. Zauna ki yi aiki." Na zauna. Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba ni da fuskar da zan matsa mata.

To ga shi a rubuce, don mutum arba'in ɗin da suka ji daga bakina, da duk waɗanda suka ji daga bakinsu. Ba a sayi Mak Ngah Sepiah ba, ba da kwano ba, ba da komai ba. Ni Norlia na ƙirƙiri maganar, ina sane da cewa ƙarya ce. Ina roƙon reshe ya soke abin da aka rubuta a kanta a littafin taro, ya sa wannan a gurbinsa. In kun ga ban dace da kujerar sakatariya ba, ku ɗaga hannu, ba zan yi gardama ba.

Jiya Alhamis da yamma Dina ta zo ta tsaya a ƙofar kicin. Ta ce, "Mak, gobe Juma'a ina so in je kabarin Tok in zuba ruwa. Kin bari?" Har yanzu tambaya take yi. Na ce ta je. Kalmar ba ta da nauyin komai a baki, Mak Ngah, kafin in ankara ta fita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Abang Roslan da Kak Marziah, da matansu da mazajensu da 'ya'yansu, da ƙannenta biyu da suka rage, da dukan mutanen Permatang Limau, waɗanda ta dafa wa abincin aurensu da waɗanda ta yi wa jego, ko wace tuta ce a ƙofarsu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya saka muku da alheri kan jinyar da kuka yi. Ba na neman ku yafe mini yau. Duk ranar da zuciyarku ta iya, ina nan.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Sepiah binti Awang, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka karɓi kowane taku da ta yi don gaskiya, da kowace tukunya da ta juya don rufa wa wani asiri. Ka sa haƙurin da ta yi da ni ya yi nauyi a mizaninta, Ka haɗa ta da mijinta a Aljanna Firdausi. Ka ba ni rabon samun yafewarta ranar da za mu tsaya a gabanKa. Kuma ya Allah, in akwai hanyar da labari ke isa ga waɗanda suka riga mu, Ka sanar da ita cewa na bar yarinyar ta zo.

Norlia binti Hamid
Permatang Limau, Kedah